Ɓaunar da Baba ya ce a yanka

Laraba da dare, Jibiya

Na yini a bakin iyaka ana yi mini "jira tukuna" da motar gero, na dawo ko magana ba na son yi. Amma yau ba zan kwanta ban rubuta wannan ba.

Tun da ciwo ya raba Baba da rumfarsa ta fawa, wata biyu ke nan sai dai ya kalli bango. Tuwo ma loma biyu yake yi ya ture kwano.

Da aka kawo wuta na kunna shirin dabbobin dawa, don kaina ma na kunna. Zakuna huɗu suka kayar da wata ƙatuwar ɓauna, tana ta shure-shure. Kawai na ji murya a bayana.

"Kai mai ɗaukar hoto! Mi kake jira? Ba ka da wuƙa ne? Yanka ta kafin ta zama mushe!"

Baba ne, ya tashi zaune da kansa, har hula ta faɗi. Inna ta saki ludayi tana dariya tana share hawaye.

Na ce, "Baba, Bature ne fa, kallo kawai ya je yi."

Ya ce, "To Allah ya shirye shi. Wannan cinya kilishin sati guda ce." Ya yi tsaki, ya juya wajen Inna. "Duk sun tayar mini da yunwa. Ina sauran tuwon nan?"

Ya cinye tas, har ya nemi ƙari.