Hular da Ka Rufe Silima da Ita

Zuwa ga Maigidana, Baban Hadiza,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto maka daga Arlit, garin da aka gina bayan rasuwarka. Hadiza ta auri ma'aikacin ma'adinai, suna da tele, wato talabijin, a ɗaki. Jiya ana cikin labarai hoto ya yanke, kai na tuna.

Ka tuna lokacin da kake yi wa kumandan, Baturen mulki na Agadas, aikin silima, kana yawo da injin silima daga rijiya zuwa rijiya? Dokar ta fito daga Faransa: ba a nuna wa baƙar fata hoto sai kumandan ya gani ya yarda. Inda bai so, a sa almakashi. Inda almakashi ya tsallake, kai za ka rufe idon injin da hularka. Kullum kakan ce, "Hula ce ke ci da mu."

A Gugaram aka yi abin, ina da cikin Hadiza. Makiyaya sun cika fili, kumandan na kan kujera. A cikin silimar aka zo wurin da wani lebura ke marin Bature. Ka ɗora hula daidai lokaci, zanen da ake haska hoton ya yi baƙi. Amma hula ba ta rufe sauti. Kowa ya ji tas.

Wani dattijo mai rawani ya tambaye ka abin da ya faru. Na yi ta ƙifta maka ido. A raina ina cewa, ka ce jaki aka buga mana! Amma kai, da taurin kanka, ba ka yi wa mai furfura ƙarya. Ka faɗa masa gaskiya. Dariya ta tashi, tafinta ya sunkuya ya raɗa wa kumandan a kunne.

Da suka zo kama ka, ka ce doka nunawa ta hana, ba ta hana faɗa ba. Gaskiyarka, amma kumandan ba ya bukatar alƙali. Aka jefa ka kaso, wato kurkuku, sannan aikin tilas na gina hanya. Daga can labarinka kawai ya dawo.

Na daɗe ina fushi da kai, ban ɓoye ba. Yanzu kewa ce ta rage. Hadiza ta haifi namiji, shi ma ba ya iya yin shiru idan an tambaye shi, kuma tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarin da ban san inda yake ba.

Matarka,
Uwar Hadiza