Takun Marigayi

Daga Katsina

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya Sama'ila.

Wani abu ya ɗaure min kai. Da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini, na sa masa abin ƙirga taku a wayarsa, ina gani daga nan. Ga shi an binne shi, amma kullum da hantsi wayar tana nuna doguwar tafiya. Tana hannunki, ke kuma kina takaba. Ina kike zuwa? Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Ƙanin mijinki,
Abdulrazak

*

Daga garin Babban Mutum

Malam Abdulrazak,

Wa'alaikumus salam. Haƙuri sai godiya. Ya yara?

Ni kake tambaya haka? Wallahi tun da aka fita da Malam ko zaure ban leƙa ba. Wayar tana ɗaure a ƙuguna, yadda ya sabar min. Tun damina ƙafafunsa suka kumbura, ko masallacin ƙofar gida ba ya iya zuwa. In zan yi dakan fura sai ya ce, "Zuwaira, ɗaura ta a zaninki, waya in ba ta motsawa lalacewa take yi." Ni me na sani? Har yau ina ɗaurawa, don kayansa ce.

Ka gaida iyali.
Zuwaira

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun damina? Ni kuwa ina nan ina murna, ina ce wa mutane Yaya ya warware. Sau biyu na shirya zuwa in kai shi asibiti, sai in duba waya in fasa. Ashe dakanki nake ƙirgawa. Ki yafe min zargin da na yi miki.

Abdulrazak

*

Ƙanena,

Salamu alaikum. Na karanta, na kasa tashi daga gindin turmi. Ashe da hannuna na rufe maka ido. Yana kwance a tabarma yana kallona, yana dariya, yana cewa, "Ƙara ƙarfi, yau tafiyar da nisa." Na ɗauka tsokana ce. Kullum maganarsa, kada a tayar wa yaron nan hankali, yana da iyali.

Na yafe maka. Shi ma mu yafe masa.

Kada ka cire abin. Gobe ma zan ɗaura in yi daka. Amma ran da ka ga ta yi shiru, ko ran da zuciyarka ta raya maka, kada ka tambayi waya. Ka zo.

Allah ya sada mu da alheri.
Zuwaira