Sawun Jela

Auta,

Jela ta taka! Da ƙafafunta biyu, babu wanda ya riƙe ta. Na fara ganin sawunta, daga baya na gan ta ita kanta. Ki yi haƙuri na sa labari a gaban gaisuwa, da malaminmu na makarantar yamma ya gani da ya ja mini jan layi. To, bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki, yaya maigidanki da yara? Ina fata tarin ƙaramin ya sake shi. Mu nan da sauƙi, gwiwata ce dai take ta ƙorafinta.

Kin ce in riƙa kiranki a waya in daina wahalar da idona. Ba zai yiwu ba. Bangon shagon nan katako ne, ni na kafa shi, na san abin da yake ratsa shi. Yarinyar nan kuwa tun da ƙafarta ta zauna kunnenta ya tashi. Kuma ban koyi rubutu da furfura don in bar shi ya yi tsatsa ba.

Ga yadda aka yi. Tun da aka sallame ta daga asibiti, uwarta take turo ta shago da safe a kan keken guragu, ita ta wuce bin ofisoshi. Ina ajiye ta bakin ƙofa inda iska take, ta wuni tana duba mini aiki, tana cewa Tsoho ƙafar teburin nan ta karkace. Hular kwanon babanta kuma, marigayi yayanki, tana rataye a ƙusa can ƙurya, bayan teburin aiki, inda keke ba ya shiga. Na kai ta can ne don kada uwar ta riƙa cin karo da ita. Jiya da rana na fita sayo ƙusoshi, na bar Jela tana gyangyaɗi. Da na dawo tana nan yadda na bar ta, har da ɗan munshari. Sai idona ya faɗa kan dusar katako da ke ƙasa. Sawu ne ƙanana, na dama ya fito sarai, na hagu yana ja. Sun tafi har ƙarƙashin ƙusar, sun dawo. A gefen tebur ga shatin yatsu inda aka dafa.

Yau na ce mata zan leƙa wurin mai fenti, na kewaya ta baya na tsaya jikin taga. Auta, ta sauko. Ta dafa benci, ta dafa tebur, ta saki, ta jefa ƙafa. Ta isa wurin hular, tsayinta bai kai ba, sai ta miƙa hannu ta kama maɗaurinta da ke lilo. Ta tsaya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ban ji me ta ce ba, ban kuma so in ji ba. Ni da idona ya bushe ranar da aka kawo gawar yayanki, sai ga ni a bayan shago na toshe baki da gefen riga.

Da uwarta ta zo ɗaukarta na tare ta a waje, bakina har kunne. Na zaci za ta rungume ni ko ta ruga ciki. Sai ta zauna a kan dakali ta ce, “Baba, wa ya gani?” Na ce ni kaɗai. Ta ce, “Don Allah ya tsaya a kanka.”

Kada ki ga laifinta sai kin ji. Akwai abin da na ɓoye miki don kina jego. Kamfanin inshora ya ƙi biyan komai a kan ran yayanki. Sun ce lokacin da mota ta buge babur ɗinsa babu hular kwano a kansa, kuma sharaɗinsu ke nan. Ba ƙarya suka yi ba. Hula ɗaya gare shi, kullum in zai kai Jela makaranta a kanta yake kifa ta, ya cusa ɗan tsumma don kada ta rufe mata ido. Ai shi ya sa muke da ita yau. Na gaya musu haka. Ma'aikacin ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma babu gurbin wannan a dokarsu.

Abin da ya rage shi ne diyyar raunin Jela. Likitan kamfani zai duba ta ƙarshen wata, kuma a kan iya nakasar da ya rubuta za a biya. Ƙanin uwarta ya kawo wani mutum mai bin irin waɗannan takardu, muna ce masa Mai Jaka. Shi ya ce in likita ya same ta a zaune, abin da za a bayar zai riƙe haya da makaranta har ta girma. In ya same ta a tsaye, ɗan abin sallama ne kawai.

Saboda haka ki riƙe wannan a cikinki, ko maigidanki kada ya ji. Ban taɓa sanin ana ɓoye farin ciki kamar kayan sata ba, amma haka aka roƙe ni. Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Tsohon Kafinta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki. Yaya kwankwason naki, kina dai hutawa? Saƙonki ya iso hannun direba. Takalman sun yi kyau ƙwarai, masu jan maɗauri. Na san da zuciya ɗaya kika aiko, amma sai da na naɗe su a takarda na tura ƙarƙashin akwatin kayan aiki. Yanzu abin ɓoyona ya zama biyu.

Labari ba daɗi. Jela ta daina tashi. Ta gane na gan ta, don fuskata ba ta iya riƙe magana. Na bar shagon ba shara, ina fita in daɗe da gangan, in dawo in tarar da dusar a kwance lumui, ko kiyashi bai ratsa ba. Ta daina ce wa teburana sun karkace. Shekaranjiya na tsokane ta, na ce amarya, mijin naki ya tsufa da turin keke, ki tashi ki tura ni. Da can sai ta ce Allah ya sauwaƙe ta auri mai haƙori huɗu. Wannan karon ta dube ni kamar babbar mace ta ce, “Tsoho, ni na cinye hular Baba. In na tashi kuma in cinye kuɗin Mama.”

Ashe duk abin da Mai Jaka yake faɗa a bakin shago yana shiga kunnenta. Na gaya miki ni na kafa bangon. Na ɗauki zarto na yi ta yankan katakon da ba na bukata.

Wani abu kuma. Mai Jaka ya hana a kai ta gashin ƙashi, wai matar da ke yi mata tana rubuta rahoto, kamfani zai iya nema. Sai na je asibitin ni kaɗai, na ce mata jikar wani abokina ce ta fara takawa aka zaunar da ita, ko akwai illa? Ta cire safar hannu ta dube ni ta ce, “Baba, ka gaya wa abokin naka jijiya ba ta san ƙarshen wata ba. Ƙafar da ta farka aka hana ta aiki ƙagewa take yi. Ka ce masa ta hagun nake ji wa tsoro.” Ni ban ambaci hagu ba.

Ƙarshen watan ma ya zo ya wuce. Kamfani ya ɗaga ranar, wai likitansu ya yi tafiya. Sun kira mu dai mu sa hannu a ɗauke gawar babur ɗin. Na gan shi a filinsu cikin tarkace, ruwa ya taru a kujerar. Ɗan katakon da na ɗaura masa a gefe don ƙafar Jela ta samu wurin takawa yana nan, ko tsagewa bai yi ba. Na roƙa su bar mini shi, suka ce yanzu komai na jikin babur kayan kamfani ne.

Ba na jin haushin matar yayanki. In kin gan ta ba za ki gane ta ba, wuyanta ya yi tsawo. Mai gidan haya yana gaishe ta sau da yawa fiye da da, kin san irin gaisuwar. Na ce su dawo ɗakin bayan shago, ni in kwana a kan benci. Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo ta ce, “Baba, ɗakin da kake tara ruwan sama a bokiti?” Ba ni da abin da zan ɗora a tafin hannunta in ce saki wancan ki kama wannan. Wanda ba shi da shi kuma ba ya ba da umarni a kan 'yar wani, ko da jininsa ce.

Ban gaya mata maganar da Jela ta yi ba. Ina tsoron in karya abin da ya rage mata. Ki rubuto mini, ke mace ce kuma uwa, in faɗa ko in haɗiye? Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki mai kewarki,
Tsohon Kafinta

Auta,

Ki gaya wa maigidanki! Ki gaya wa maƙwabta, ki gaya wa direban ma. Yau kuma gaisuwa ta makara, ki karɓe ta haka: ina fata kuna lafiya, ƙaramin ya fara zama.

Na bi shawararki. Ana gobe za a je wurin likita na sami matar yayanki a gida tana wanke-wanke, na faɗa mata maganar Jela yadda take, ban ƙara ba ban rage ba. Na ajiye ƙunshin takalman a kan taga na ce daga goggon Jela ne. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Na yi mata sallama. Na koma ina cewa shi ke nan, na ɓata.

Washegari muka je. Ɗaki ne mai sanyi, da gado ɗaya da ma'auni. Mai Jaka ya zauna kusa da ƙofa ya rungume jakarsa. Likitan ba mugu ba ne, dattijo ne mai tabarau. Ya ƙwanƙwasa mata gwiwa da 'yar guduma, ya matsa nan ya matsa can, sannan ya ce, 'yata, kina iya tsayawa ko kaɗan? Jela ta dubi Mai Jaka, ta dubi uwarta, ta ce a'a. Murya ko rawa ba ta yi ba. Yarinyar da ba ta gama famfarar haƙori ba, Auta. Likita ya jawo takarda ya cire murfin biro. Ni na zuba ido a ƙasa.

Sai na ji ƙarar zik. Uwar ce ta buɗe jakarta ta fito da takalman. Ta durƙusa ta sa mata, ta ɗaure jan maɗaurin a hankali kamar ba kowa a ɗakin. Mai Jaka ya yi gyaran murya, ya sake yi. Ta miƙe ta tafi can bango ta juyo ta ce, “Jela, taso mu tafi gida. Babanki bai ba ki hularsa don ki zauna ba.”

Jela ta ce, “Kuɗin fa, Mama?”

Ta ce, “Ba ruwanki da kuɗi. Ruwanki da ƙafa.”

Ba zan yi miki ƙarya ba, tafiyar ba ta yi kyau ba. Ta fi wadda na gani ta taga muni. Ta dafa gado, ta saki, ta hagun tana binta a baya kamar ba tata ba. Na yunƙura zan tare ta, likita ya riƙe mini hannu. Ta isa dai, ta faɗa jikin uwarta, suka zube tare a ƙasa. Kukan da matar nan ta haɗiye tun ranar hatsarin a nan ya fito. Mai Jaka ya ce mun zubar da abincinmu da hannunmu, ya fice. Likita ya goge tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya rubuta abin da ya gani.

Abin da za a ba su ba zai riƙe haya ba. Sun tattara kaya sun dawo ɗakin baya. Na hau na toshe yoyon, saura kusurwa ɗaya. Uwar ta koma gidan burodin da take aiki kafin aure, tana fita tun da asuba, ta dawo hannu duk ƙuna. Ƙaninta ya daina gaishe ni. Mai gashin ƙashi ta ce zaman da aka yi ya ci wani abu, wataƙila ta hagun za ta riƙa ja har abada, wataƙila kaɗan. Wannan yana damuna in na kwanta. Kuma kowace yamma, daidai lokacin da yayanki yake tsayawa a ƙofar shago ya danna hon, hannuna yana tsayawa da aiki shi kaɗai.

Amma ki ji. Na kafa wa Jela katako biyu dogaye daga bakin ƙofa har ƙurya, daidai tsayin hannunta, na goge su sumul. Ta ce na dama ya karkace. Na auna, wallahi ya karkace. Ƙusar hular kuma na cire ta na sauko da ita ƙasa inda za ta kai. Uwar ce ta ce in yi haka. Kullum Jela sai ta je ta dawo, ta je ta dawo, tana ce mini mai haƙori huɗu matsa ka ba mutane hanya.

Na daina share shagon sai da yamma. Ki ɗauko yara ku taho, ke da maigidanki da duk wanda ya tambaye ki labarinmu. Wurin kwana babu yawa, amma benci na da faɗi. Ku zo da rana, kafin in ɗauki tsintsiya. Ku zo ku ga sawu.

Mahaifinki,
Tsohon Kafinta, kakan Jela