An kira ni da sunan gida a gindin dutse, ban amsa ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don abin nan ya kusa shekara yana cina, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni direba ne a Riyadh, ina tuƙa wani Bature da ke aiki a unguwar ofisoshin jakadanci, iƙamata ma, wato takardar izinin zamana, a hannun kamfanin da ya ba shi ni take. Mutumin ba shi da matsala, sai dai Allah ya jarrabce shi da hawan dutse. Wai mutum da kuɗinsa da lafiyarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya je yana manne wa bango kamar ƙadangare, kuma wai hutu yake yi. To ni ina ruwana, nawa tuƙi.

Kafin in ci gaba sai kun san wannan. Ina da yaya, Yaya Mudi, shi ya riga ni zuwa ƙasar nan, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi, ya kai shi kiwon raƙuma can cikin sahara ta arewa. Da farko yana kiran waya, daga baya shiru, lambar ma ta daina shiga. Shekaru ke nan. Inna ta hana a yi masa sadaka, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Duk ranar da na kira gida, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, ka ji ɗuriyar ɗan'uwanka?

Sanyin bara Oga ya ɗauki hutu, muka kama hanya ni da shi da Madam matarsa, muka bi ta Ha'il muka nausa arewa, wajen jajayen duwatsun nan na ɓangaren ƙasar mutanen Annabi Salihu. Sanyi kuwa ba a magana, ruwan alwala sai na ɗora a risho. A hanya Madam, wadda ta saba riƙe masa igiya, ta gurɗe hannu, shi ke nan aka ce ni zan riƙa riƙe wa Oga igiya daga ƙasa. Ya koya mini, ba wuya, yana hawa kana sakar masa kaɗan-kaɗan, in ya zame ka danne. Doka ɗaya ya yi ta nanatawa, in ya hau ya ɓace wa ganina, duk sanda ya kira Abdul in amsa da ƙarfi, don ya san ina nan.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, rana tarwai. Madam tana cikin mota, Oga ya hau har ya shige bayan wani goshin dutse, igiya kawai nake gani tana motsi. Hannuna ya ƙage, na shiga yi masa tsiya da Hausa da ƙarfi tunda ba ji yake ba, ina cewa kai dai Bature ba ka san ciwon kanka ba, sauko mu sha shayi. Ina rufe baki sai na ji daga sama an ce, "Na-ƙosai? Kai ne?"

Jama'a, a duk Saudiyya babu mai kirana haka. Nan Abdul nake, ko sawwak, wato direba. Yaya Mudi ne ya laƙa mini sunan muna yara saboda kwaɗayina, kuma wallahi muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Bakina ya buɗe zan ce na'am, sai maganar Inna ta faɗo mini. Tun muna zuwa itace take ja mana kunne, in aka kira sunanka a daji ba ka ga mai kiran ba, kada ka kuskura ka amsa, ba kowane mai kira ne mutum ba. Na datse haƙora na shiga karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Aka sake kira, a hankali wannan karon, kamar mai jin kunya. Daga nan shiru.

Can Oga ya ƙwala Abdul, shi ma na kasa amsa masa. Da ya sauko ya yi ta faɗa, wai na tsorata shi, ya zaci na saki igiya na tafi. Da ya huce muna shan shayi, yake ba Madam labari wai saman dutsen fili ne shimfiɗe, har da garken raƙuma, ya ga makiyayin ya leƙo ƙasa daga baki, sanye da farwa, irin jibgegiyar rigar sanyin nan, ya ɗaga masa hannu amma mutumin ya juya ya bi raƙumansa. Kofin hannuna ya faɗi. Tsoro ya hana ni gaya musu abin da na ji, muka tattara muka wuce Tabuk.

Da na dawo na gaya wa abokan ɗakina a unguwar Ulaisha, sai ga rigima. Ilu, mutumin Damagaram, ya ce ni sakarai ne, aljani ba ya sa farwa, ɗan'uwana ne ya ji Hausa a inda bai taɓa ji ba ya leƙo, na bar shi ya koma yana zaton kunnensa ne ya yi masa gizo. Malam Sani kuma ya ce in gode wa Allah da ya rufe mini baki, wurin an san ba wurin wasa ba ne, kuma Bature me ya sani game da abin da ya gani? Har yau ba sa ga maciji da juna a kan maganar. Ni kuwa ko a danja na tsaya sai in ji "kai ne?" a kunnena, har na baya su yi ta yi mini hon.

Yanzu sanyi ya dawo, Oga ya ce sati mai zuwa za mu koma dutsen, wai bai gama da shi ba. Ina son zuwa, ina kuma jin tsoro kamar raina zai fita. Inna ban gaya mata ba. Jiya ma da na kira sai da ta tambaya, na ce ban ji ba, na kashe wayar na zauna ina kuka kamar yaro.

To ku gaya mini, in na tsaya a gindin dutsen nan aka sake kira, in amsa ko in yi shiru? Uwar da ta ce kada in amsa, ita ce dai take jira in ce mata na ji muryarsa.