Tsibin Ɓarzon Itacen Emlyn

Lampeter, Oktoba

Zuwa ga Yayata Eirlys,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Mu nan ruwa ne ba dare ba rana, kin dai san garinmu.

Kin tambayi jikin mijina. To, da sauƙi za a ce. An sallamo Emlyn, yana takawa da sanduna daga gado zuwa taga, amma likita ya faɗa mana ƙarara cewa hawan bishiya ya ƙare. Mutumin da tun kafin aurenmu yake rataye a saman itatuwan mutane da igiya da zarto yana sare rassa, yau safa ma ni nake saka masa. Ba ya ƙorafi, Yaya. Da ma yana yi! Shiru kawai, ya zuba wa taga ido.

Sai ga wata sabuwa. Kin tuna filin da muke haya a gonar tsoho Idwal, inda Emlyn yake juye ɓarzon itace in ya dawo aiki? Tun da ya faɗo daga bishiya ba wanda ya kwashe. Tsibin ya kere rumfar shanu, ya yi zafi daga ciki yana ta turiri, har wani ya kai ƙara. Wata Misis Pugh ta zo daga ofishin kula da muhalli, ta zagaya, ta ce wannan shara ce, kuma izinin ajiye ta da lasisin ɗaukarta duk sun ƙare Emlyn yana asibiti. Shara fa! Abin da masu lambu suke rububinsa. Idwal da ya ji an ambaci hukuma, sai ya ce ko tsibin ya tashi kafin Kirsimeti ko mu mu tashi. In filin ya tafi, injin ɓarza ba shi da masauki, sana'ar ta mutu ke nan. Ban gaya wa Emlyn ba.

Na gaji, wallahi. Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Nerys

Lampeter, Nuwamba

Yaya Eirlys,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, rigar sanyin ta yi masa daidai, ko da yake kai kawai ya gyaɗa.

Na je ofishin da niyyar masifa, sai Misis Pugh ta ba ni shayi, duk ta kashe min jiki. Ta ce a wurinsu abu ba ya zama shara sai mai shi ya zubar da shi, ko ya yi niyyar zubarwa. Ɓarzo mai tsabta wanda akwai mai so, ba ruwansu da shi. Matsalar ita ce wani mara mutunci ya ga fili ba mai tsaro, ya juye mana tsofaffin katakan shinge masu fenti da ledoji a gaban tsibin, ruwa ya cakuɗa su. Sai an ware.

Wa zai ware? Ni mana. In na tashi daga aikina a kicin ɗin makaranta sai in wuce can da cokali mai yatsu na gona, in yi ta tona har hasken rana ya ɗauke. Hannuna duk ya yi kanta, bayana kamar ba nawa ba.

Ɓoyon ma bai yi ba. Ranar Talata na sunkuya ina cire masa takalmi, ya shinshini gashina, ya ce, “Wannan warin tsibina ne, kuma ya fara ruɓa.” Dole na zayyana masa komai. Na zaci zai yi faɗa. Cewa ya yi in sayar da injin in huta, ya juya ya fuskanci taga. Ko miyar ragon da na dafa bai taɓa ba.

Ina jin tsoro, Yaya, kuma ba filin kaɗai nake tsoron rasawa ba.

Taki,
Nerys

Lampeter, Disamba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa sanyin bai tayar miki da gwiwa ba.

Na gama warewa. Motar masu lasisi ta zo ta kwashe gurɓataccen, Misis Pugh ta dawo ta duba, ta ce ragowar ba shara ba ce muddin akwai mai ɗauka. Matar Idwal da kanta ta ce tana so ta shimfiɗa wa shanu, shi kuma ya yi ta gunaguni, a ƙarshe ya ce mu zauna. Sabon izinin da sunana aka yi. Ni Nerys, mai dafa dankalin 'yan makaranta!

Na dawo gida da murnata na ba Emlyn labari. Kin san me ya ce? “Ki kira motar ta dawo, akwai saura a ɗakin nan.” Yaya, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ce masa, “Kai Emlyn, buɗe kunnenka! Ni na sha wahalar koyon dokar nan, ba kai ba. Abu ba ya zama shara sai mai shi ya yi niyyar zubarwa, ni kuwa ban yi ba. Ka ci abincinka.” Na buga ƙofa na je kicin na yi kukana.

Da safe na tarar ya saka safarsa da kansa, ɗaya a bai-bai, wai in kai shi filin. Ya zauna a mota, ya sauke gilashi, ni ina loda wa matar Idwal. Ko cokali biyu ban ɗiba ba na ji shi: “Haba Nerys! Wa ya ce miki daga ƙasa ake ɗiba? So kike ya rufto miki? Wa ya bar injin nan a ruwa ba rufi?” Haka ya yi ta yi har muka iso gida, tuƙina ma bai tsira ba.

Har yanzu a gajiye nake, kuma ban san wa zai riƙa hawa mana bishiya in bazara ta zo ba. Amma yanzu haka ina rubuta miki yana can yana mitar shayin ya yi sanyi, ni kuma na ƙi tashi da gangan, don in ƙara jinsa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nerys