Almakashin Hagu

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan? Ina fata Mama tana hana ka wuni a maƙera.

Baba, na yi abin kunya, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Ka tuna darasin da na ce zan fara, na koya wa yara yadda ake tsara abu kafin a ƙera shi? Na juye musu kwali guda a kan tebur: cokula, maɓallai, marafan kwalba, kwaɗo da mabuɗinsa, almakashi, abin buɗe gwangwani. Na ce kowa ya rarraba. Amsar tana kaina tun daga gida: ƙarfe, roba, katako.

Akwai wata yarinya, 'yar mai ɗinki, 'yan aji suna ce mata Shiru. Ita kashi biyu ta yi, ta cakuɗa ƙarfe da roba. Ko dalili ban tambaye ta ba, na zabga mata sifili, aji ya kwashe da dariya. Sai da aka tashi na ga 'yan takardun da ta ajiye. A kashi ɗaya ta rubuta "sun san da ni", a ɗayan kuma, inda almakashi da abin buɗe gwangwani suke, "ba su san da ni ba". Ashe bahaguwa ce. Mahaifiyarta ta ce ko a shago ta daina ba ta ƙyalle, wai ba yankawa take yi ba, taunawa take yi.

Yau kwana huɗu ba ta taɓa komai a teburin nan ba. Ina tsoron na kashe mata zuciya.

A gaishe da Mama.

'Yarka,
Malama

Baba,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Saƙonka ya iso, da wasiƙarka mai layi uku. Na daɗe ina juya ɗan almakashin nan nawa na ƙuruciya mai jan mariƙi da ka aiko. Wallahi na manta ni ma da hagu na fara, kafin makaranta ta mayar da ni dama. Ban taɓa sanin kai ka ƙera shi ka juya bakinsa saboda ni ba. Ni a zatona gwaninta ce tawa.

Jiya na ba Shiru haƙuri a gaban aji, sannan na zagaya da almakashin. Duk masu amfani da daman nan masu dariya suka yi ta tauna takarda. Da ya zo hannun Shiru, sai ga da'ira sumul. Ta tashi da kanta ta ajiye shi a kashin "sun san da ni". Yanzu duk abin da yaran suka ɗauka sai sun tambaya wa aka ƙera wa.

Da aka tashi ta tsaya, karo na farko da na ji muryarta sosai. Ta ce in tambaye ka ko kana iya yin babba, mai yanka yadi. Ni kuwa na riga na ce mata kana iyawa, sai ka san yadda za ka lallaɓa gwiwar nan.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Bahaguwa