Jif ta ƙi tashi, ga Hadiza ta kusa haihuwa

Zuwa ga ɗana Garba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Nan Mungadi babanka da sauƙi, sai dai ƙafar. Kakarka Inna Tumba tana kwance da zazzaɓi. Ƙanwarka Hadiza ta dawo gida haihuwa, watanta ya kusa, ƙafafunta duk sun kumbura.

Abin da ya hana ni sukuni tsohuwar jif ɗin babanka ce. Ruwa ya cinye hanya, ita kaɗai ke iya fitar da mutum zuwa asibitin Jega, ga shi ta ƙi tashi. Sani direba ya saba in koyil, abin da ke ba injin wuta, ya yi zafi ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, fulogi kuwa a murhuna yake gasa su. Ranar Laraba ya naɗa tsumman, koyil ya tsage. Na ce, "Sani, yanzu fa?" Ya ce, "Inna, dabarata ta ƙare, sai sabo."

Makaniken Aliero kayan gwanjo kawai gare shi, shi kansa bai yarda da su ba. Ka sayo sabon koyil da fulogi masu ƙarko, ka ba masu motar albasa su taho da su. A amalanke muka ɗauki Hadiza zuwa asibiti a wancan haihuwar, ba mu dawo da jariri ba.

Da hannuna na rubuta wasiƙar nan, ban ba Hadiza ta rubuta ba, kada ta ga tsorona. Ka sa ta a addu'a, ka gai da surukanka. Ka aiko amsa kafin watan Mauludi ya tsaya.

Mahaifiyarka,
Hajara